Neman shawara: dukana ba ƙarfi, kafaɗa kuma sai ciwo

Mai tambaya: Slm 'yan ƙwallon raga, dan Allah a taimaka min. Tsalle dai ina yi, hannuna na wuce raga sosai amma in na daki ƙwallo ko ta fita waje ko ta tafi a sanyaye a ɗauke ta cikin sauƙi, ga kafaɗata ta dama sai zogi bayan tirenin. Ƙarfe zan fara ɗagawa ne? Da dama nake bugu.

Tsohon ɗan wasa: Wslm ƙanina, bar ƙarfe tukuna. Ƙarfin dukan nan daga ƙasa yake tasowa, ƙafa ta ba ƙugu, ƙugu ya juya ya ja ƙirji, sannan kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu ne ƙarshe, kamar bulala dai. Tunda da dama kake bugu takunka hagu, dama, hagu ne. Na biyun dogo kuma da sauri, lokacin hannayenka biyu sun koma baya, na ƙarshen gajere, shi ne birkin da ke mayar da gudunka ya zama tashi sama, sai ka wurgo hannayen sama tare. A sama hannun hagu ya nuna ƙwallo, gwiwar hannun dama ta ja baya, kana sauke na hagun ƙirji zai juyo da kansa.

Wata mai koyarwa: Duk abin da yaya ya faɗa haka ne, amma ni zargina shigewa ƙarƙashin ƙwallon kake yi. In tana saman kanka ko bayanka dole ta tafi waje, kuma kafaɗa ce kaɗai ke ɗaukar nauyin, ga ciwon nan. Ragar maza mita 2.43 ce, tamu 2.24, ba yadda za ka saukar da ƙwallo daga bayan kai. Ka same ta a gaban kafaɗar dama kaɗan, hannu a miƙe, tafi a buɗe, ka lanƙwasa wuyan hannu a kanta don ta juya ta nutsa. In seta, wato mai ɗaga maka ƙwallon ka daka, ya ɗaga ta sama sosai kar ka yi gaggawa, jira ta kai ƙololuwa kafin ka taso.

Wani ɗan guruf: Ni fa ban yarda a bar ƙarfe gaba ɗaya ba, ƙananan tsokokin da ke riƙe kafaɗa suna son atisaye da roba mai talewa. Kuma ka sauka da ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ɗaya na kashe gwiwa wlh. Ciwon in yana hana ka barci ko ɗaga hannu je ka ga likita kawai.

Mai tambaya: Na gode sosai. Anti, jiran nan har in seta ya ba ni gajeriya?

Wata mai koyarwa: A'a, gajeriya kam tun ƙwallon ba ta bar hannunsa ba ka riga ka taso. Sa a ɗauke ka bidiyo daga gefe ka turo mu ga inda hannunka ke haɗuwa da ita.