A Ina Gwagwarmayar Naƙasassu Ta Fara?

Auta: Salamu alaikum. Jiya a wajen taro wani ya ce a Jami'ar Berkeley ta Amurka aka haifi gwagwarmayar 'yancin masu buƙata ta musamman, a 1962, da aka ɗauki Ed Roberts karatu. Ni dai na yarda. Mutumin da shan inna ta shanye masa jiki, a cikin na'urar numfashi yake kwana, a asibitin jami'a aka ba shi ɗaki, amma shi da abokansa suka kafa cibiyar dogaro da kai a 1972.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, wanda ya faɗa miki haka ya ci haƙƙin makafi. A watan Afrilu na 1920, tun ba a haifi Roberts ba, makafi kusan 250 suka yi tattaki daga Manchester da Leeds da Newport har Landan, tafiyar kusan mako uku. Ma'aikata ne, masu saƙar kwando da tabarma a wuraren da ƙungiyoyin agaji ke biyan su abin da bai kai ya kawo ba. Ƙungiyar ƙwadago gare su. A ƙyallayen da suka ɗaga adalci suka nema, suka ce ba sadaka suke so ba. Firayim Minista Lloyd George ya gana da su, a shekarar kuma aka yi dokar da ta sauko wa makaho da shekarun fansho daga 70 zuwa 50. Ni makaho ne, wannan tarihin ba zan bari a binne shi ba.

Gwaggo: Yaya, in tsufa ake bi, kurame sun riga ku. A 1880 taron malamai a Milan ta Italiya ya yanke a daina koyar da kurame da maganar hannu, a shekarar nan kuraman Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Ɗana kurma ne, na san abin da hana yaro hannunsa ke nufi.

Malam: Kawu, Allah ya ƙara lafiya, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai makafin 1920 wa makafi suka nema, kurame ma nasu suka sa gaba. Dubi 1977 a San Francisco ta Amurka. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 1973 tana nan a takarda, an ƙi sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da ita. 'Yar gwagwarmaya Judy Heumann da mutum sama da ɗari, guragu da makafi da kurame, suka yi zaman dirshan a ofishin gwamnati sama da mako uku. Da aka yanke musu waya, kurame ne suka riƙa isar da saƙo ta taga da hannu. 'Yan Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata, na kawo abinci kullum. Ranar 28 ga Afrilu Califano, sakataren lafiya da ilimi da walwala na Amurka, ya sa hannu a ƙa'idojin. Haɗuwar nan ce sabon abu.

Auta: To mu fa? Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun kaka da kakanni.

Kawu: Muna da su, ina kuma girmama su. Amma sarautar sasanta mu take yi da tsara rabon abin da aka bayar, ba ta taɓa zama ta tunkarar hukuma a canza doka ba. Malam, haɗuwar 1977 na yarda babba ce. Kalmar “farawa” ce ban sallama ba.

Malam: To a kira 1920 tushe, Kawu.

Kawu: In an kira ta tushe, a riƙa faɗinta a wajen taro.