Don Allah ya za mu ce "open licence" da "public domain" da Hausa? Jibi nake buƙata

Maman Hanif: Salam jama'a. Jibi Asabar zan koya wa ma'aikatan wani ƙaramin gidan tarihi yadda za su ɗora hotunan kayansu a Wikimedia Commons (rumbun hotuna na intanet da kowa ke iya ɗauka), su sulke da lifidi da tsofaffin kwabbai, na gama fassara takardar kaf sai waɗannan biyun suka tsaya min. Na fara sa "lasisin kyauta" amma sai ka ji kamar lasisin ne ake rabawa ba a biyan kuɗi.

Bakatsine: Buɗaɗɗen lasisi. Ɗayan kuma mallakar kowa.

Malam na Zariya: Hajiya ki sa kalmar "waƙafi" ki huta. Mutum ya ba da abinsa don amfanin al'umma kuma ba ya iya janyewa, ai haka lasisin Creative Commons (ƙungiyar da ta tsara irin buɗaɗɗen lasisin nan) yake, in ka saki ka saki. Ko tsohuwa a ƙauye ta san waƙafi.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, ba a sayar da waƙafi fa. Shi kuwa CC BY-SA, wato ɗaya daga cikin lasisin Creative Commons ɗin, wani zai iya ɗaukar hoton ya buga a kalanda ya sayar, sharaɗi kawai ya ambaci mai hoton kuma in ya sauya wani abu ya saki nasa da irin lasisin. Commons ma ba sa karɓar wanda ya hana kasuwanci. Kuma haƙƙin mallaka yana nan hannun mai shi, izini kawai ya bayar.

Malam na Zariya: To waƙafin ilimi. Ni abin da ke ƙona min rai kalmar lasisin nan, kullum sai mun je roƙo wajen Bature kamar harshenmu maraya ne.

Ɗan Damagaram: Malam waƙafin ma ai na Larabawa ne. Kuma ku 'yan Najeriya kuna yanke kalma ba ku tambaye mu ba, mu nan Faransanci muke juyawa, in kun gama sai ku ce wannan ita ce daidaitacciyar Hausa.

Yayan Amira: Yo ba dole a tsaya kan ɗaya ba? Hausar Kano ake bugawa a littafi.

Ɗan Damagaram: Ba a Kano aka yanke wa Hausa cibiya ba yaya.

Maman Hanif: Don girman Allah ku dawo, jibi ne fa. Damuwata da "mallakar kowa" ita ce ma'aikatan nan dama tsoro suke ji, suna ganin in hoto ya hau intanet kamar sulken ne ya bar hannunsu. In suka ji kowa shikenan sun tsere.

Bakatsine: To ki musu bayani a ƙasa, hoton ake magana ba kayan ba. Kuma abu yana zama na kowa ne in wa'adin haƙƙinsa ya ƙare, a dokar Najeriya ta 2022 rubutu sai shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Ki ce "wanda haƙƙinsa ya faɗi".

Yayan Amira: Ya yi tsawo, ba zai shiga kan takarda ba.

Maman Hanif: Na ɗauki buɗaɗɗen lasisi. Ɗayan zan sa "mallakar al'umma" da layi biyu na bayani, duk da raina bai kwanta ba, kar su ɗauka gwamnati ake nufi.

Malam na Zariya: Ba komai Hajiya. Amma in suka kasa ganewa ki ce musu kamar waƙafi ne, ki dawo ki faɗa mana.

Ɗan Damagaram: Ki turo min takardar in ga ko mutanenmu za su fahimta.