Wane suna za mu ba naman nan da yake lulluɓe wuri?

Salam jama'a, a taimaka mana da kalma. Kuɗin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi ɓawon wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne na teku, masana suna ce masa Monetaria moneta, da wuya ya wuce santimita 3, yana zaune a ruwa mara zurfi cikin duwatsun murjani yana kankarar gansakuka. A tsibiran Maldif da ke tekun Indiya aka fi kama shi, su jefa ganyen kwakwa a ruwa ya zo ya maƙale, su janyo su shanya a rairayi har naman ya ruɓe ya bar ɓawon.

To abin da nake nema shi ne sunan wani sashen jikinsa da Turawa ke kira mantle. Wani siririn nama ne mai laushi, yana fitowa ta tsagar nan mai haƙora da ke ƙasan wurin, ta dama da ta hagu, ya hau sama har gefe biyun su haɗu a gadon baya ya rufe ɓawon ruf, kana taɓa shi sai ya zuƙe ya koma ciki. Kuma shi ne yake gina ɓawon, yana ta shimfiɗa masa sabon rufi ta waje, shi ya sa wuri yake sheƙi da santsi ba wai goge shi aka yi ba, haka Allah Ya yi shi. Wannan sashen wallahi ya cancanci suna na kansa a Hausa.

Wasu sun ce a bar shi mantil kawai, ni dai ban gamsu ba, yaro ɗan sakandare zai haddace ne bai ga komai a ransa ba. An kawo alkyabba tunda ma'anar kalmar mantle kenan a wajen Turawa, amma alkyabba kayan sarauta ce mai nauyi, ba a yafa ta a janye a kowane lokaci. Fata kuma za ta rikita mutane su ɗauka ɓawon ake nufi.

Ni mayafi na zaɓa. Siriri ne, ana yafawa ana janyewa, daidai yadda dabbar take yi. Na san za a ce ai dodon koɗin da muke gani da damina shi ma yana da wannan naman kuma nasa a ciki yake ba ya fitowa ya rufe katantanwar, gaskiya ne, shi ya sa nake ganin a rubutu mu ce mayafin ɓawo, ya zama sunan ya hau kansu duka.

'Yan uwa Hausawan Bur Sudan, ku kuke bakin Bahar Maliya kuma akwai wuri mai rai a can, idan masuntanku suna da sunan da suke kiran naman nan don Allah ku faɗa mana kafin mu tsayar.