Musayar Waƙa a Kan Fim ɗin Uba da 'Yar Farinsa

Wannan musaya ta taso ne a kan wani fim ɗin camama, wato na barkwanci, da ke yawo a wayoyin mutanen karkarar Kano da Jigawa, wanda ya ba da labarin wani manomi da ke jin kunyar 'yarsa ta fari, yana korar masu zuwa zance wurinta, alhali a ɓoye shi ne ke fafutukar ganin ta yi karatu.

Malamin makaranta daga Ringim:

Da sunan Ilahu nake farawa,
Yabo ga fim mai ƙayatarwa,
Wanda ya zo mana da faɗakarwa,
A lulluɓe cikin rigar dariya.

Uba manomi, 'yarsa ta fari,
Ba ya faɗin sunanta a gari,
In ta shigo sai ya fice da sauri,
Wai shi a dole yana jin kunya.

Amma da zarar an yi isha'i,
Sai ya hau dakali ko ana sanyi,
Samarin zance in sun ja layi,
Ya haske su da tocila, su koma baya.

Dattijo daga Gaya:

Malam, na duba baitocinka,
Sai dai ban gamsu ba da hujjarka,
Ina girman uba, a tunaninka,
Da za a sa shi ya faɗa kwata gaban 'ya?

Ibro na Ɗanlasan, Allah ya jiƙansa,
Tun 2014 muka rasa irinsa,
Mun sha nishaɗi ƙwarai da wasansa,
Amma camama ba ta koyar da tarbiyya.

Ungozoma daga Birnin Kudu:

Baba, a gafarce ni in tanka,
Da ladabi nake gaban girmanka,
Faɗawa kwata ce ta tsaya a ranka,
Ka manta ranar da ya sayar da akuya.

Ya ja ta Wudil ranar Juma'a,
Yana ɓoye fuska daga jama'a,
Don 'yar ta karanci babbar sana'a,
Ta karɓar haihuwa da aikin jinya.

Da uwargida ta nemi bayani,
Ya ce kura ce ta ɗauke da rani,
Alhali rasidi na nan a rawani,
Yana leƙowa, yana tona gaskiya.

Haka iyayenmu na karkara suke,
Ƙaunar 'ya'ya a ransu take,
Bakinsu kuwa a rufe yake,
Sai wasa irin wannan ya buɗe zuciya.

Dattijo daga Gaya:

'Yata, hujjarki tana da ƙarfi,
Batun akuya ya yi mini zurfi,
Amma har yanzu ina ganin laifi,
A bar 'ya ta yi wa uba tsiwa a hanya.

Malamin makaranta daga Ringim:

Baba, wurin yana son dubawa,
A durƙushe ta yi abin da ka kira tsiwa,
Roƙo take ya bar masu zuwa,
Su gaishe shi kafin ya ɗauko tsumagiya.

Dattijo daga Gaya:

To, zan sake kallo yau da dare,
Ni da jikokina duka tare,
Sai dai ƙorafina bai ƙare
Ba, kan jefa uba a kwata gaban 'ya.