Neman shawara: an sauke ɗana daga ƙungiyar hoki saboda gajarta, ya kafe da labarin Martin St. Louis

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. A Montreal muke zaune. Ɗana na fari shekararsa 14, tun yana ƙarami yake wasan hoki na ƙanƙara. Bana da aka yi gwaji sai aka mayar da shi ƙaramin rukuni, kocin ya ce yana da sauri amma jikinsa bai kai ba. Babansa ya ce a haƙura haka nan, kuɗin takalmi da sanda da sammakon kai shi fili sun ishe shi. Yaron kuwa ya kafe, wai kocin Canadiens, babbar ƙungiyar hoki ta Montreal, Martin St. Louis, shi ma haka aka raina shi. Gaskiya ya faɗa? In na goya masa baya, ban cuce shi ba?

Wani ɗan uwa daga Laval:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki bai yi ƙarya ba. St. Louis ɗan garin nan ne, a 1975 aka haife shi, tsayinsa kamar santimita 173, a wasan da ƙarti suka cika. Duk ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, babu wadda ta ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasa. Sai 1998 Calgary ta ba shi kwantiragi, a 2000 ta sallame shi, ya koma Tampa Bay. A 2004 ya ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, ya fi kowa maki a gasar, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara. A 2013 ya sake fin kowa maki yana da shekara 37. Ya samu zinare da Kanada a gasar Olympics ta Sochi a 2014, ya yi ritaya a 2015 da maki 1,033 a wasa 1,134. Ki bar shi ya ci gaba.

Wata 'yar uwa daga Calgary:
Mu nan har yau ana jin zafin mutumin nan, don shi ya zura mana ƙwallo a ƙarin lokaci a wasa na shida na ƙarshen gasar 2004, a filinmu, bayan mu muka kore shi. Amma Anti, ni zan ja birki kaɗan. 'Yan wasa 224 kacal ake zaɓa a shekara, daga duniya baki ɗaya. Abin da yara ba sa faɗa kuma shi ne St. Louis ta jami'a ya bi: shekara huɗu ya yi a Jami'ar Vermont a Amurka, daga 1993 zuwa 1997, yana karatu yana wasa. Tunda shi yaron ya kawo misalin, ki riƙe shi da shi. Sakamakon makaranta ya yi kyau, a biya kuɗin hoki. Ya lalace, a ajiye sanda.

Wani mai horar da yara daga Ottawa:
Hajiya, ni aikinsa na koci ya fi ɗaukar hankalina. Bayan ritaya, ƙungiyoyin 'ya'yansa ya koma yana horarwa a Connecticut. Daga nan Montreal ta kira shi a Fabrairun 2022, ta tsinci kanta a ƙasan tebur, shi kuma bai taɓa jan ragamar ƙwararru ba. Mutane da dama sun yi shakka, kuma da hujjarsu, don ko shahararren ɗan wasan nan Wayne Gretzky da ya horar da Phoenix daga 2005 zuwa 2009 bai kai ta zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya. To akwai wani gajeren yaro a ƙungiyar, Cole Caufield, ƙwallo 1 ya ci a wasa 30 na kakar kafin zuwan St. Louis. Bayan zuwansa ya ci 22 a wasa 37. Jikinsa bai ƙaru ba, amana ya samu da lokacin wasa. A 2025 ƙungiyar ta koma zagayen kofi.

Shi ya sa nake cewa saukewar nan kar ta tayar miki da hankali. A ƙaramin rukuni zai daɗe a kan ƙanƙara, maimakon zaman benci. A shekara 14 wani ya gama tsawo, wani bai fara ba. Ki je wurin kocin cikin mutunci, ki tambaye shi abu biyu da yaron zai gyara. Ki kuma tabbata ya iya ɗaga kai idan yana kusa da katanga, don nan ƙananan jiki suke shan bugu.

Wani dattijo daga Toronto:
'Yata, duk shawarar da za ki ɗauka, kar ki yi ta a bayan idon babansa. Ku zauna ku uku, a yi lissafin kuɗin a gaban yaron. Kayan ma ba dole sai sabo ba, ana samun gwanjo mai kyau. Hular kai ce kaɗai nake ganin a sayi sabuwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babansa ya amince a ƙarasa kakar bana, da sharaɗin makaranta. Ranar Asabar zan ga kocin in sha Allah.