Ina za mu ajiye taskar bayan mun kammala karatu?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Muna shirin aikin digiri na biyu kan adana tsofaffin takardu da hotunan wasu iyalai a intanet, amma mun maƙale a waje ɗaya.

Ɗaukar hoton ba matsala ba ce. Asalin kowane shafi za mu ajiye shi a TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto mai cikakken inganci, mu fitar da JPEG marar nauyi don nunawa, bayanan kowace takarda kuma mu bi rukunai 15 na Dublin Core, wato tsarin da ake bi wajen siffanta kayan taska. Abin da ke damunmu shi ne makomar taskar idan mun bar jami'a. Omeka, manhajar baje kolin kayan taska a intanet, muka so, sai dai tana buƙatar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) mai manhajojin PHP da MySQL, da wanda zai riƙa sabunta ta yana biyan kuɗin ajiya duk shekara, kuma sashenmu bai ɗauki wannan nauyin ba. Aka ba mu shawarar CollectionBuilder, manhajar gina shafin taska da ba ta buƙatar irin wannan sabar, a kan dandalin ɗaukar shafuka na GitHub Pages, manyan fayilolin kuma mu zuba su a Zenodo, ma'ajiyar kayan bincike ta intanet, mu sami DOI, wato lambar shaida ta dindindin.

To, a nan gizo ke saƙar. Masu takardun sun yarda a duba, amma ba su yarda kowa ya sauke ya yi yadda ya ga dama da su ba. Lasisin Creative Commons kuwa, wanda ke ba jama'a izinin amfani da abin da aka wallafa, in an bayar ba a janye shi. Ni dai ba zan ci amanar mutanen nan don aikinmu ya yi armashi ba.

Don Allah, taƙaita shiga fayil da Zenodo ke bayarwa ya wadatar? Wa zai riƙa amsa masu neman izini idan mun watse? Wanda ya taɓa rubuta irin wannan yarjejeniya da masu kaya, ya taimaka mana da abin da ya sa a ciki.