Takardun 'ya'yanmu a hannun makaranta: wa yake gani, kuma ina ake ajiye su?

Maman 'Yan Biyu, Garwa: Assalamu alaikum, iyaye da malaman wannan zaure. Ina neman shawararku kafin ranar Litinin. Na je sa 'yan biyuna a wata makarantar kuɗi a nan Garwa, sai aka miƙo mini takardar cikewa mai shafi huɗu. Bayan takardar haihuwa da hotuna da katin rigakafi, waɗanda na saba bayarwa, sun nemi fotokofin katin ɗan ƙasa nawa da na mahaifinsu, da takardar albashinsa, da bayanin duk wata cuta da yaro yake da ita, har da gurbin da ake tambaya ko auren iyaye yana nan ko ya mutu. Hassana tana da ciwon sikila, kuma ba na son maganar ta zama abin faɗa a bakin yara. Me ya wajaba in bayar, me zan iya ƙin bayarwa, kuma me zan tambaye su kafin in sa hannu?

Baffa na Yelwa: Wa alaikumus salam, 'yata. Takardar albashi ba ta da alaƙa da karatun yaro. Ki bar gurbin babu komai, idan sun matsa ki ce su rubuta miki dalilinsu.

Kawu Mai Shago: Adda, ki ba ni dama in tsawaita, domin abin da kike tsoro ya riga ya same ni. Bara da azumi na aiki yaro ya sayo ƙosan buɗa-baki, da na warware takardar da aka naɗo shi sai na ga fotokofin takardar haihuwa ce, mai ta jiƙa ta amma rubutun yana karantuwa sarai. Sunan ɗan maƙwabcina ne a kai, da sunan mahaifiyarsa da shekarar haihuwarta da sana'ar mahaifinsa. Washegari na je wurin mai ƙosan, ta nuna mini damin takardun da ta saya, na zauna a kan benci ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai sakamakon jarrabawa na zango, akwai wasiƙun da iyaye suka rubuta suna roƙon a ɗaga musu ƙafa kan kuɗin makaranta, akwai takardar likita ta wata yarinya wadda ba zan faɗi abin da ke cikinta ba. Duka daga makarantar da 'ya'yana uku suke ne. Da na bi diddigi, sai na gano cewa an share ɗakin ajiya ne lokacin hutu, aka ce wa mai gadi ya ƙone tsofaffin dosiye, wato fayil-fayil na ɗalibai, shi kuwa ya ga asara ce a ƙone abin da za a iya sayarwa.

Na sami shugaban makarantar da takardun a hannuna. Ya ba da haƙuri, ya ce zai tsawata wa mai gadin, amma da na tambaye shi shekara nawa suke riƙe dosiyen yaron da ya bar makarantar, da kuma wanda yake tsayawa a kai idan za a ƙone, sai ya yi shiru. A nan na gane cewa laifin ya wuce na mai gadi.

Wata biyu bayan haka aka kira maiɗakina da wata baƙuwar lamba. Mai kiran ya faɗi sunan ɗanmu da ajinsa da sunan malaminsa, ya ce yaron ya faɗo daga bishiya an kai shi asibiti, a tura sefa 25,000 ta waya nan take. Allah ya sa ta kira ni kafin ta tura, na hau babur na tarar da yaron yana cikin aji lafiya lau. A makon nan ne aka ɗauki hoton jerin sunayen 'yan ajin, da lambar uba da ta uwa a gaban kowane suna, aka sa a zauren WhatsApp na iyaye, wanda ko mu da muke ciki ba mu san rabin mutanensa ba. Tun daga ranar, duk fotokofin katina da zan ba makaranta sai na rubuta a kansa da biro, a gicciye, sunan makarantar da shekarar da abin da aka karɓe shi dominsa.

Ɗan Autan Zaure: Kawu, ka ba da labari tiryan-tiryan amma ba ka gaya mana ko ƙosan ya yi daɗi ba.

Kawu Mai Shago: Ban ci ba, Auta, kai na ajiye wa.

Tsohon Sakatare, Marwa: Na yi shekaru ina aikin ofis a makarantar sakandare, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Mutane suna jin maganar kare bayanai sai hankalinsu ya tafi ga masu kutse a intanet, alhali a wurinmu hanyar da bayani yake fita ta fi haka kusa. Kwamfuta ɗaya ce a ofis, kalmar sirrinta kowa ya san ta, har ɗaliban da ake kira su taya shigar da maki. Idan wuta ta ɗauke ko injin bugawa ya lalace, sai a zuba komai a filashi a kai shagon buga takardu na bakin titi, kuma abin da aka buɗe a kwamfutar shagon yakan zauna a can har mai zuwa na gaba ya gani. Ita kuwa kabad ɗin dosiye, makullinta yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa.

Maman 'Yan Biyu, idan kin koma, ki tambayi wanda yake riƙe da makullin da kuma waɗanda aka yarda su buɗe dosiyen yaro. Ki tambaya ko a cikin makarantar ake buga sakamako ko a waje. Ki kuma tambayi abin da ake yi da dosiyen idan yaro ya gama ko ya canza makaranta. Yadda za su amsa zai nuna miki ko sun taɓa tunanin abin. Sannan kada ki yarda ki bar musu ainihin takardar haihuwa ko da na kwana ɗaya ne. Duk wanda ya ga wahalar da iyaye suke sha a nan arewacin Kamaru idan yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, za a haɗa dosiyen CEP, wato jarrabawar kammala firamare, babu takardar haihuwa, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da zai maye gurbinta, ba zai yi wasa da ta asali ba.

Malam Mai Karatun Shari'a, Ngaundare: Ina so in ƙara da cewa maganar nan yanzu tana da doka a bayanta. A ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2024/017 game da kare bayanan mutum a Kamaru, aka ba duk masu tattara bayanan jama'a wa'adin wata 18, wato zuwa Yunin 2026, su daidaita aikinsu da ita. Makaranta tana cikin masu tattarawa, ta gwamnati ce ko ta kuɗi. Ruhin dokar shi ne a karɓi bayani don wata manufa sananniya, kada a karɓi fiye da abin da manufar take bukata, kuma kada a riƙe shi har abada. Mai bayanin yana da ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, a gyara kuskure, kuma idan yaro ne ƙarami, iyaye ko waliyyi ne suke ba da izini. Bayanin lafiya yana cikin waɗanda dokar ta ware ta ba su kariya ta musamman. Kafin ita akwai doka ta 2010 kan tsaron intanet da laifukan da ake yi ta cikinta, da kuma ta Yulin 2023 kan kare yara a intanet. Saboda haka tambayar da Baffa ya ce a yi, wato a rubuta dalili, tana kan hanya.

Baffa na Yelwa: Malam, dokar tana Yawunde, mai gadin yana Garwa.

Malama ta Aji Huɗu: Ni a gefen malamai nake, kuma ina roƙon Maman 'Yan Biyu kada ta ɓoye maganar sikilar. Na taɓa samun yaro ya faɗi a filin motsa jiki cikin zafin watan Afrilu, ba wanda ya gaya mana komai, muka tsaya muna yayyafa masa ruwa muna zaton yunwa ce. Malamar aji da malamin motsa jiki dole su sani, domin su bar ta ta sha ruwa duk lokacin da ta so kuma kada a tilasta mata gudu. Abin da nake ba da shawara shi ne kada ki rubuta a takardar da za ta bi hannu goma. Ki sa bayanin likita a ambulan ki manne, ki miƙa wa shugabar makaranta hannu da hannu, ki gaya mata sunayen waɗanda kika yarda su sani.

Hajiya Goggo, Gidar: Malama, tunda kin zo, ina da ƙorafi a kanku. Me ya sa ake manna sunayen waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, ba a jikin bango, ko a kira su a gaban tuta da safe? Yaro bai ci bashin kowa ba, amma shi ake kunyatawa, kuma kafin azahar duk unguwa ta san gidan da babu.

Malama ta Aji Huɗu: Goggo, ba malamin aji ne yake manna su ba, kuma iyayen da ke cikin ƙungiyar su ne suke matsawa a fito da sunayen, wai don kada a ce ma'aji ya ci kuɗi.

Hajiya Goggo, Gidar: To a kira uban a gaya masa a ofis. Gaskiyar ma'aji ana nuna ta da rasit da jimillar abin da ya shigo, ba sai an tona asirin marayu ba.

Alhaji na Kasuwar Shanu: Ni ban ga aibin karanta sakamako a fili ba. A zamaninmu ana kiran na ɗaya har zuwa na ƙarshe a gaban iyaye, kuma kunyar ce ta sa wasunmu suka dage.

Hajiya Goggo, Gidar: Alhaji, a zamaninku abin yana ƙarewa a bakin ƙofar makaranta. Yau ana ɗaukar hoton allon da waya, ya kai Duwala kafin yaron ya kai gida, kuma bayan shekara goma mai neman auren yarinya zai iya ganinsa. Ban da haka, maki daban, bashi daban.

Yaya na Kusiri: 'Ya'yana biyu suna karatu a tsallaken gada a Injamena, saboda haka ina ganin ɓangarorin biyu. Cadi ta riga mu yin dokar, tun 2015 take da ita, mai lamba 007/PR/2015, kuma hukumar tsaron intanet ta ƙasar, wato ANSICE, ce aka ɗora wa kula da ita, amma abin da Kawu ya bayyana ba baƙo ba ne a can ma. Abin da nake so in ƙara shi ne, karewa ba hana fita kaɗai ba ce, har da hana ɓacewa. Ambaliyar 2024 ta shiga makarantu da yawa a Yagwa da kewayenta, kuma takardar da ke kabad a ƙasa ba ta jure ruwa. Kowane uba ya riƙe nasa kofin sakamakon kowane zango a gida cikin leda, a wuri mai tudu. Amma kada a bar hoton takardun a wayar da yara suke wasa da ita, kuma idan an je shago an yi sikanin, a tsaya a ga an goge kafin a fita.

Tsohon Sakatare, Marwa: Wannan gaskiya ne. Ga masu yara a lise, wato sakandaren gwamnati, kuma, tun shekarar karatu ta 2018 da aka koma biyan kuɗin makaranta da na jarrabawa ta waya da wuraren tura kuɗi, lambar rajistar ɗalibi ta zama abin da ya kamata a tsare. Na sha ganin iyaye suna miƙa wa wani saurayi a bakin ƙofar makaranta kuɗi da sunan yaro da ranar haihuwarsa wai ya biya musu. Ku je da kanku wurin da aka amince da shi, ku karɓi rasit, ku adana saƙon da ya shigo.

Wata Uwa daga Mora: A yankinmu akwai yaran da rikici ya raba da ƙauyukansu, kuma ana rubuta garin da suka fito a rajista. Ina roƙon malamai su daina karanta wannan gurbin da ƙarfi a cikin aji, domin sunan ƙauye kaɗai yana jawo wa yaro laƙabin da ba zai rabu da shi ba.

Alhaji na Kasuwar Shanu: Wannan na yarda da shi. Amma maganar sakamako ina nan a kan bakana.

Maman 'Yan Biyu, Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bar gurbin albashi da na aure babu komai, zan kai bayanin Hassana a ambulan kamar yadda Malama ta ce. Kawu, rubutun da kake yi a kan fotokofi, har a kan takardar haihuwar ake yi, ko katin iyaye kaɗai?

Tsohon Sakatare, Marwa: Kafin Kawu ya amsa, kada ki yi rubutu a kan kofin da aka buga wa hatimin hukuma don dosiyen jarrabawa, domin za a iya mayar miki da shi. A kan fotokofin katin ɗan ƙasa da za a ajiye a ofis ne ake yi.

Kawu Mai Shago: Haka ne, katin kaɗai. Kuma ki ce kada su sa lambarki a zauren aji sai sun tambaye ki.

Hajiya Goggo, Gidar: Alhaji, gobe akwai taron iyaye a makarantar jikokinka, kuma zan ɗaga maganar allon a can, ka zo da hujjarka.